Kuɗin ƙwai ba duka ne riba ba

A gidaje da yawa a Ikara, Makarfi da Kudan, dukiyar farko da yaro ke mallaka kaza ce. Kaka ce ta ba shi, ko ya saya da kuɗin barka da salla. Tana kiwo a tsakar gida, Inna na watsa mata tsaba da dusa, ta yi ƙwai goma sha wani abu, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Yaro bai taɓa cire ko sisi ba, shi ya sa yake ɗauka duk kuɗin ƙwan da mai shayi ya miƙo masa riba ce.

Ranar da aka sayo masa kajin gidan gona, lissafi ya sauya. Ɗauki Shika Brown, irin da cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar a Shika, nan kusa da Zariya. Sai ta yi wajen mako 18 zuwa 20 tana ci kafin ta ajiye ƙwan farko. Wata huɗu da ɗoriya ke nan ana zuba kuɗi, ba a ga komai ba. Idan ta fara, takan ci kimanin giram 120 a yini. Kaji goma za su cinye buhu mai kilo 25 cikin mako uku. In suna ba da ƙwai takwas kullum, an tara kiret biyar da rabi, tunda kiret ƙwai 30 yake ɗauka.

To, a miƙa wa yaro biro da tsohon littafin makaranta. Ya rubuta kuɗin buhun, ya raba da yawan ƙwan, ya ga nawa kowane ƙwai ya ci tun bai bar akurki ba. Sannan ya ƙara rigakafi, kuɗin acaɓa zuwa kasuwa, ƙwan da ya fashe a hanya, da wanda ƙanwarsa ta soya ba ta faɗa ba. Masarar rumbun Baba ma a yi mata kuɗi. Nan iyaye suka fi yin sake, wai ai ta gida ce, alhali da an kai ta kasuwar Makarfi da kuɗi za a dawo.

Asara ma kada a ɓoye masa. Ciwon kaji na lokacin hunturu kan share akurki cikin mako guda, shirwa da muzuru na nan, kuma a Jaji ta jihar Kaduna aka fara gano murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a 2006. A farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya, ƙwai ya yi kwantai a hannun masu gonaki.

In ya sayar da kiret, a zaunar da shi ya kasa kuɗin gida biyu: na buhu mai zuwa a hannun Inna, ragowar a asusunsa. Wani makon ragowar ba za ta sayi ko sandar rake ba.