Dalilin da ya sa sum() ta fi madaukin for sauri a Python

Yawancin masu koyon Python a waya, ta manhajar Pydroid 3 ko Termux, da umarnin for suke fara sabawa. Shi ake kira madauki: a ɗauko abu ɗaya daga jeri, a yi masa aiki, a koma a ɗauko na gaba. Yana da sauƙin ganewa, amma idan bayanai suka yi yawa sai waya ta ɗau zafi, batir na zuƙewa, aikin kuma bai ƙare ba.

Ga yadda ake tara lambobi daga 1 zuwa 1,000,000 da madauki:

jimla = 0
for n in range(1, 1000001):
    jimla += n

Ga kuma aikin nan a layi ɗaya:

jimla = sum(range(1, 1000001))

Amsar ɗaya ce, 500000500000, amma ta biyun tana riga ta farko gamawa. A kowane zagaye na for, sai Python ta karanta umarnin, ta duba irin bayanin da ke cikin jimla da n, ta haɗa, sannan ta adana. Sau miliyan ɗaya ke nan. Ita kuwa sum() da yaren C aka rubuta ta, an riga an mayar da ita yaren na'ura. Zagayen yana nan, ya koma can ciki ne inda ba a ɓata lokaci. Haka max(), min() da sorted() suke.

Inda bambancin ya fi girma shi ne wajen bincike. A ce akwai lambobin waya 100,000 a cikin list, ana son sanin ko wata lamba tana ciki. Ko da an rubuta in maimakon for, Python ɗaya bayan ɗaya za ta bi su. Idan aka mayar da su set, daga lambar kanta take lissafa gurbin da ta zauna, ta nufi can kai tsaye. Sai dai set ba ta riƙe tsarin jeri, kuma tana zubar da maimaici.

Wajen haɗa guntayen rubutu masu yawa ma, "".join() ta fi +=, domin rubutu ba ya canzawa a Python, sabo ake ƙirƙira.

A jerin abu goma ko ashirin ba za a ga wani bambanci ba, kuma cusa aiki mai sarƙaƙiya a layi ɗaya wahalar da mai karatu ne kawai. Mai shakka sai ya auna hanyoyin biyu da timeit, wadda ke zuwa tare da Python, a kan wayarsa.