Sandamu: Garin da aka manta da ƙirga mutanensa

Matafiyin da ya taso daga Kano ta hanyar Kazaure zai ratsa Sandamu jim kaɗan kafin ya shiga Daura, kuma galibi ba ya tsayawa. Hankalinsa na kan rijiyar Kusugu da fadar mai martaba. Wannan ita ce ƙaddarar garin: kusancinsa da Daura ya rufe shi, kamar yadda inuwar babbar bishiya kan danne ta kusa da ita.

Ƙasar Sandamu jigawa ce, mai gawo jefi-jefi, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne abin dogaro, sai kiwo. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure, kuma ta samu nata matsayin ne a 1996, shekara tara bayan kafa Jihar Katsina. Marubuta tarihin masarautar sun fi tsayawa kan Bayajida, da jihadin ƙarni na 19 da ya kori sarakunan Haɓe zuwa Zango, da mayar da Malam Musa kan gadon Daura a farkon mulkin Turawa. Garuruwa irin su Fago da Rijiyar Tsamiya da Karkarku kuwa, labarinsu na bakin dattawa, dattawan kuma kullum raguwa suke yi.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne batun yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 137,000, kuma tun daga nan ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba. An shirya wata a watan Mayun 2023, gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan masarautar ne, ta ɗage ta saura 'yan kwanaki. Jaririn da aka ƙirga a goye a 2006 yanzu ya isa aure, wataƙila ma yana da nasa goyon, amma da wancan tsohon adadi, ko kuma hasashen da aka ɗora a kansa, ake lissafin kason kuɗi da azuzuwa da allurar rigakafi.

Mu dubi Faransa, alal misali. A can, ƙauyen da bai kai unguwa guda ta Sandamu ba yana da jerin adadin mutanensa tun daga 1793, kuma tun 2004 ake ƙirga ƙananan garuruwa duk bayan shekara biyar. Ba na cewa mu kwaikwayi komai nasu. Amma muna da hakimi da dagatai da masu unguwanni, waɗanda a zamanin En'e su ke riƙe da lissafin masu biyan haraji da jangali, gida-gida. Majalisar ƙaramar hukuma na iya ba kowane mai unguwa littafin rajistar haihuwa da mutuwa, ta kuma sa ɗalibanta na jami'a su ɗauki muryoyin dattawan Fago da Karkarku a lokacin hutu, ba sai ta jira Abuja ba.