Ɗora wa keke inji: sauƙi ne ko sayen wahala?

Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, esansin kwalba da muka saba saye da rahusa a bakin titin Madawa ya yi tsada, kuɗin kabu-kabu kuma ya bi shi. Shi ya sa masu saurarenmu, musamman masu cin kasuwannin ƙauye, suke tambayarmu: shin in mutum ya ɗora wa tsohon kekensa ɗan inji, zai rage asara?

Abin ba baƙo ba ne. Dattawanmu sun san Solex, wanda aka fara ƙerawa a Faransa a 1946 aka daina a can a 1988: keke ne kawai da ɗan inji bisa ƙafar gaba, yana gurzar taya yana tura ta. Sun kuma san mobilet ta kamfanin Motobécane, da ta fito a 1949. In mai ya ƙare, sai ka taka feda ka isa gida.

A yau ƙasar Sin ce ke ƙera irin waɗannan ƙananan injuna. Ana ɗaure injin a tsakiyar keken maza, irin su Phoenix ko Raleigh masu sandar sama, a aza tanki bisa sandar, a ja wata sarƙa zuwa ƙafar baya ta hannun hagu. Injin yana shan esansi ne gauraye da baƙin mai. Wanda ya manta da gaurayen, injinsa zai ƙone. Cin mansa kaɗan ne, lita ɗaya kan kai mutum kilomita 40 ko fiye a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

To amma fa, in an ce da kare tuwo ya yi yawa a gidan biki, sai ya ce ma gani a ƙas. An ƙera burkin keke ne don gudun ƙafar mutum, alhali injin na iya kai shi kilomita 40 a awa. Wayoyin ƙafar baya, inda ake ɗaure haƙorin sabuwar sarƙar, su ne ke fara tsinkewa, girgiza kuma tana kwance kusoshi.

Sannan a duba hanya. Mai kai goro, sabulu ko magi daga Madawa zuwa Galmi bisa kwalta zai ji daɗinsa. Amma hawa da gangaren duwatsun Adar, wajen Buza da Keita, sun fi ƙarfin ɗan injin nan, gangare da burki mai rauni kuwa hanyar asibiti ce. Buhun albasa da kan haura kilo 100 ba kayansa ba ne, a bar wa amalanke.

Iyayenmu mata masu tunanin cire kuɗin adashe su saya wa yaro don kai kaya kasuwa, ga shawararmu: ku fara kai keken wurin mai gyara ya duba ƙarfensa, ya sake burki da wayoyin ƙafa. Ku tambaya ko ana samun buji da sarƙar injin a garinku, ku sayi hular kwano. In lissafin ya kusa kuɗin tsohon babur, gara babur ɗin.

Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya.