Wayarka na da kai takwas, me ya sa har yanzu take daskarewa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Duk wanda ya taɓa cinikin waya a Gumel ko Maigatari ya san kirarin masu shago: "Wannan ai kai takwas gare ta, ba ta tsayawa." Abin da suke nufi shi ne furosesar wayar tana da ƙwaƙwalwa takwas da za su iya aiki lokaci guda. Amma ka saya, ka buɗe manhaja, sai ka ga ta yi tsit na ɗan lokaci. To ina takwas ɗin suka shiga? Wani lokacin matsalar sabis ce, wani lokacin memori ne ya cika. Akwai kuma dalili na uku da ba a cika faɗa ba, shi za mu tattauna yau: bakwai suna tsaye a layi, suna jiran guda ɗaya ya gama.

Kowace waya ko kwamfuta tana da uwar manhaja, irin su Android da Windows. A can cikinta akwai ɓangaren da za mu kira zuciya, ita ke raba wa sauran manhajoji memori da lokaci da damar taɓa kyamara ko intanet. Zuciyar Android ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Ke nan in wayarka Android ce, abin da za mu faɗa yana faruwa a aljihunka yanzu haka.

Mu ɗauki misali daga gida. Lokacin kaka ne a Gagarawa, wani Alhaji yana sayen riɗi da zoɓo da gero. Yana da yara takwas masu awo da ɗauka, amma littafin lissafi guda ne. Idan biyu suka duba a tare suka ga buhu 40, kowa ya ƙara nasa ɗaya ya rubuta 41, buhu guda ya ɓace a lissafi ke nan. Sai Alhaji ya kafa doka: biro ɗaya ne, wanda ke riƙe da shi kaɗai zai taɓa littafi. Wannan biron shi ne makulli a harshen masu kwamfuta. Lissafi ya tsira, amma an haifi layi.

Jiran ma iri biyu ne. Akwai makullin da mai jira zai tsaya ƙyam yana ta leƙe, "ka gama? ka gama?", ba ya wani aiki, batir kuma yana ƙonewa. Ana amfani da shi inda jiran ɗan kaɗan ne. Akwai kuma wanda mai jira zai je ya kwanta, a tashe shi in an gama. Wannan ba ya ɓarnar ƙarfi, sai dai kwanciya da tashin ma suna cin lokaci.

Yanzu ku riƙe wannan lissafin. A ce aikin yaro ɗaya minti 100 ne, 90 na ɗauka, 10 na rubutu. Ka kawo yara takwas, ɗaukan ya koma minti 11 da 'yan kai, amma rubutun yana nan a 10, tunda bi da bi ake yi. Jimilla wajen minti 21. Ka ninka ma'aikata sau takwas, saurin ko ninki biyar bai kai ba. Ko yara dubu ka tara, ba za ka sauka ƙasa da minti 10 ba. Wani injiniya Ba'amurke, Gene Amdahl, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1967.

Linux ta sha wannan wahalar da kanta. A 1996, da ta fara aiki da furosesa fiye da ɗaya, babban makulli guda aka ɗora wa zuciyar gaba ɗaya. Biro ɗaya ga duk sito. An yi ta ɓantarar aikinsa kaɗan-kaɗan, ba a rabu da shi kwata-kwata ba sai a 2011. Shekara 15 fa!

Da aka farfasa shi, sai makullai suka yi yawa, kowane lungu da nasa. Tambaya ta koma: a cikinsu wanne ne ke tara layi? Nan ne awo ya shigo. A 2007 Peter Zijlstra ya shigar da wani ma'auni mai suna lock_stat. Idan aka kunna shi, zuciyar za ta riƙa rubuta wa kowane irin makulli abubuwa kamar haka: sau nawa aka ɗauke shi, a ciki sau nawa aka tarar da shi a hannun wani, tsawon jiran da aka yi, da tsawon lokacin da mai riƙo ya riƙe. Lokacin kuma da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ake ƙirga shi. Har ma yana nuna daidai wuraren da aka fi yin turereniyar a cikin rubutun manhajar.

Karanta waɗannan lambobin shi ne gwanintar. Makullin da aka ɗauka sau miliyan amma ba a taɓa tarar da kowa a kansa ba, ƙyale shi, ba shi da laifi. Wanda aka ɗauka sau dubu kacal amma rabi sai an jira, shi ne abin dubawa. Idan riƙon ne ya yi tsawo, mai biro ne ke tsayawa hira, sai a rage abin da yake yi da biro a hannu. Idan riƙon gajere ne amma jira ya yi yawa, mutane ne suka yi wa littafi ɗaya yawa, sai a raba: na riɗi daban, na zoɓo daban, na gero daban, kowanne da bironsa. Idan kuma yawancinsu duba farashi kawai suke zuwa yi, a manna musu kwafi a bango, masu karatu su daina shiga layi. Linux tana da dabara mai kama da haka, RCU, tun 2002. Sannan a duba jira mafi tsawo, kada a tsaya ga matsakaici. Matsakaici zai iya yin kyau alhali wani bawan Allah kullum ana tsallake shi. Don haka ne a 2008 aka kawo makulli mai ba da lamba, kamar layin banki, wanda ya riga zuwa shi zai riga shiga.

Awon ma yana da tsada. Shi lock_stat sai an sake gina zuciyar da shi a ciki, kuma yana ƙara mata nauyi, kamar ka sa akawu ya tsaya kan kowane yaro da agogo. Shi ya sa a 2022 Namhyung Kim ya kawo perf lock contention, wanda ke farkawa kawai idan an samu jira, ana kuma iya amfani da shi a kan na'urar da ke tsaka da aiki.

Kada ku ɗauka wasa ne. A Yulin 1997 na'urar Pathfinder ta hukumar NASA ta sauka a duniyar Mars, sai kwamfutarta ta riƙa sake tashi da kanta. Ashe ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ne ke riƙe makulli, babban aiki na jiransa, wani matsakaicin aiki kuma ya tare furosesa ya hana ƙaramin ƙarasawa. Injiniyoyi sun gano haka ne da suka kunna rikodin duk wani motsi a kan irin na'urar da ke hannunsu a Amurka, har matsalar ta maimaita kanta. Daga nan suka aika gyara.

A kusa da mu kuma, a 2023 Suren Baghdasaryan na Google ya shigar da wani gyara a Linux. Kafin nan, duk sassan manhaja guda makulli ɗaya suke rububi in suna neman memori, abin da ke jinkirta buɗewar manhajoji a Android. Sai aka ba kowane yanki na memori nasa makullin. Raba littafin Alhaji ke nan.

Saboda haka in mai shago ya ce maka kai takwas, bai yi ƙarya ba, amma rabin labari ya ba ka. Ku kuma 'yan uwa masu karatun kwamfuta, a Dutse kuke ko Haɗeja ko Kano, Linux kyauta ce, rubutunta a buɗe yake. Tsohuwar laftof ta isa. Saka Linux ta kwanan nan, ka kunna perf lock contention na daƙiƙa goma kana kwafar manyan fayiloli, ka ga wane makulli ne ya hau saman jerin, ka sake gwadawa na'urar tana hutawa, ka kwatanta. Kamfanonin da ke riƙe da manyan sabobi suna ɗaukar mutane aiki don irin wannan binciken.

Wanda ya gwada ya turo mana abin da ya gani, mu karanta tare a shiri na gaba. Ku tura wa abokai. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.