Tashoshin cajin motocin lantarki: Dalilin da ya sa ake buƙatar kuɗin gwamnati a garuruwa irin su Kwali

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin masu sufuri ya fara karkata ga motocin da ke aiki da lantarki. Sai dai tambayar da mai son saye ke fara yi ita ce: idan batir ya yi ƙasa a kan hanya, a ina za a yi caji?

Caji iri biyu ne. Na gida, mai ƙarfin kimanin kilowat 7, yakan ɗauki dare guda kafin ya cika batir. Na gaggawa kuwa, mai ƙarfin kilowat 50 zuwa 350, yana iya cika mafi yawan batir cikin kusan rabin awa. Wannan na biyun shi matafiyi ke buƙata, kuma shi ya fi tsada, domin na'ura ɗaya mai kilowat 150 tana jan wutar da ta haura ta na'urorin gida 20, ga kuɗin taransfoma da na layin wuta.

A nan ne matsalar take. Ɗan kasuwa ba zai zuba jari inda motocin ba su da yawa ba, direba kuma ba zai sayi motar ba alhali babu wurin caji. Shi ya sa a ƙasashe da dama gwamnati ce ke fara sa hannu. A 2021 Amurka ta ware dala biliyan 5 domin kafa tashoshi a manyan hanyoyinta, yayin da Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa a samar da tasha a kowane kilomita 60 na manyan titunanta.

A Najeriya, hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa motoci ta buɗe tashar gwaji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantar ta, sannan ta kafa irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT. Amma tashar cikin jami'a ta bincike ce, ba ta biyan buƙatar direban da ke kan doguwar tafiya.

Kwali misali ne mai kyau. Garin na kan babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, tsakanin Gwagwalada da Abaji, hanyar da ke haɗa Arewa da Kudu. Duk motar lantarkin da ta baro tsakiyar Abuja tana buƙatar tabbacin samun caji a irin wannan zango. Muddin tashoshin suka taru a Maitama da Wuse, motar za ta zama ta zirga-zirgar cikin birni kawai.

Babban sharaɗi shi ne wuta. Ko unguwannin rukunin A, waɗanda aka ƙara wa kuɗin lantarki a Afrilun 2024, alƙawarin da aka yi musu awa 20 ne a rana. Don haka tashar gefen hanya na buƙatar farantan hasken rana da manyan batura, wanda hakan ke ƙara tsadar aikin.

Saboda haka, idan aka sanar da ware kuɗi, abubuwa uku ya kamata jama'a su bincika: inda za a kafa tashar, tushen wutarta, da kuma wanda zai ɗauki nauyin gyaranta bayan bikin buɗewa. Najeriya ta yi alƙawarin kawo ƙarshen gurɓata iska nan da 2060, kuma a fannin sufuri cika shi ya rataya ne ga amsar waɗannan tambayoyi.