Ko Kun Sani? Bahago da Sandar Chapman

Ko kun san akwai wani kayan kiɗa mai tsirkiya goma da ba a kaɗa shi, sai dai a danna? Sunansa Chapman Stick. Wani makaɗin jita Ba'amurke, Emmett Chapman, shi ya ƙera shi, ya fara sayarwa a 1974. Dogon katako ne, kamar wuyan jita da aka cire wa ciki. Makaɗi zai saƙala shi a bel, ya jingina shi da kafaɗa, yatsun hannu biyu suna ta bugun tsirkiyoyin lokaci guda. Tony Levin na ƙungiyar King Crimson yana cikin waɗanda suka fito da shi duniya.

Sai ka ce bahago ya huta, tunda hannu biyu aiki ɗaya suke yi. Ina! A tsarin da aka saba, hagu ce ke kula da tsirkiyoyin bas masu kaurin murya, dama kuwa ta fitar da karin waƙa. Shi kuwa bahago mai jitar bas, irin su Paul McCartney, da hannun dama ya saba danna tsirkiya, don haka sai hagu ta koma makaranta. Ga wani tarkon kuma: tsirkiyoyi mafi kauri a tsakiya suke, ba a gefe ba.