Muzakarar Ɗalibai a Kan Tambayoyin Ilmin Sinadarai

Kowace shekara, idan hunturu ya kau, ƙura ta kwanta, zafin bazara ya fara hana mutane zaman ɗaki, akan ga wata al'ada ta farfaɗo a makarantun sakandare na Nijeriya, wadda ba Ma'aikatar Ilmi ce ta kafa ta ba, ba a kuma rubuta ta cikin manhaja ba, wato taruwar ɗaliban ajin ƙarshe, huɗu ko biyar, maza a nasu wuri mata a nasu, a gindin darbejiya ko a kusurwar aji bayan an tashi daga firef, suna buɗe littafin tambayoyin shekarun baya suna warwarewa tare. Darussa da dama ake yi wa haka, amma babu wanda ya kai ilmin sinadarai, wanda yara ke kira kemistiri, tara su, domin shi fanni ne da ya haɗa hadda da lissafi da aikin hannu, kuma da wuya a sami yaro guda wanda Allah ya hore wa ukun daidai wa daida.

Hukumomin da ke jiran waɗannan yara sanannu ne. Akwai WAEC, wadda aka kafa a 1952, take shirya jarrabawa ga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Akwai NECO mai mazauni a Minna, wadda ta zo a 1999. Sannan ga JAMB, tun 1978, tsaye a ƙofar jami'a. Jarrabawar sinadarai ta WAEC kashi uku ce: tambayoyi hamsin na zaɓen amsa, da takardar bayani da lissafi, da kuma aikin ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ke burin likitanci ko haɗa magunguna ko aikin injiniya, in bai sami aƙalla C6 a nan ba, to burin nasa sai ya jira wata shekara.

To, littafin tambayoyin baya ni'ima ce, amma ni'ima mai tafe da fitina. Tambaya tana gaba, amsa tana shafin ƙarshe, kuma ɗalibin da ke zaune shi kaɗai, idan mas'ala ta gagare shi, babu abin da ya fi masa sauƙi irin ya juya shafi ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce a ransa ai dama haka ya so ya ce, ya wuce gaba alhali bai san ta inda aka bi aka isa can ba. Malamanmu na fiƙihu suna da suna ga wanda ya riƙi hukunci ba tare da sanin dalilinsa ba, suna ce masa mai taƙalidi, kuma sun yi masa uzuri a wurare da yawa. Amma mai shirya jarrabawa ba ya yin wannan uzuri, domin abin da yake yi shi ne ya ɗauki tambayar da ta taɓa fitowa, ya sauya adadi, ya sauya sinadari, ya maido ta cikin sabuwar riga, sai wanda ya haddace amsa ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Ga shi kuma waɗansu daga cikin littattafan nan da ake sayarwa a kasuwa ba su kuɓuta daga kuskuren ɗab'i ba, wanda ba ya iya bin lissafi da kansa kuwa ba shi da hanyar gane hakan.

Bari mu ɗauki mas'ala guda irin wadda ba ta ƙarewa a jarrabawa, mu ga abin da zaman tare yake yi mata. An ce an auni santimita kubik 25 na ruwan soda mai ƙuna, wato NaOH, mai ƙarfin mol 0.20 a kowace lita, aka sa masa sinadarin nuni, aka yi ta ɗiga masa asid ɗin nan H2SO4, wanda makanikai suka sani a ruwan batir, har ɗigon ƙarshe ya juya launi a daidai santimita kubik 20. Ana neman ƙarfin asid ɗin. Ɗaya daga cikin yaran, mai saurin lissafi, kafin a ƙyafta ido ya fitar da 0.250. Wata amsa kuma ta fito daga gefe, 0.125. Da kowannensu yana ɗakinsa shi kaɗai, da an duba bayan littafi, mai daidai ya yi murna, mai kuskure ya ce alƙalami ne ya zame, shi ke nan. Amma a halƙa, da yake amsa biyu sun yi karo, sai na uku ya ce, “Ɗan'uwa, bar maganar amsa tukuna, rubuta mana yadda suka haɗu.” Da an rubuta haɗuwar tasu, aka daidaita ɓangarorin biyu, sai ta bayyana cewa mol ɗaya na wannan asid mol biyu na soda yake cinyewa, saboda haidurojin biyu yake saki, saɓanin HCl mai sakin ɗaya. Sodar da aka auna mol 0.005 ce, rabinta, 0.0025, shi ne na asid. A raba shi da lita 0.020, a sami 0.125. Mai saurin lissafi bai yi kuskure a ninkawa ko rabawa ba, ya dai ɗauko ƙa'idar da ta yi masa aiki jiya a kan HCl ya ɗora ta inda ba muhallinta ba. Irin wannan illa kuwa ba a ganinta a amsa, sai a hanya, hanya kuma ba ta fitowa fili sai wani ya tilasta maka ka faɗe ta da bakinka.

A ganina wannan ita ce fa'idar zaman baki ɗaya, sauran duk rassa ne. Wanda ake yi wa bayani yana ƙaruwa, babu shakka, amma mai bayanin ya fi shi ƙaruwa, domin sai ya zo faɗa yake gano gurbin da bai cike ba a fahimtarsa, kuma tambayar abokin da ake ganin bai iya ba, irin “to me ya sa?” ɗin nan mai ban haushi, sau da yawa ita ke tone abin da Malam, saboda yawan yara da ƙarancin lokaci, ya ratsa ta kansa ya wuce.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Almajiran makarantun zaure, bayan sun ɗauki karatu a gaban Malam, sukan koma gefe su yi muraja'a, babba ya biya wa ƙarami, tsara ya ja da tsara a kan ma'anar matani har sai an koma ga sharhi. Shehu Zarnuji, a littafinsa Ta'alimul Muta'allimi, wanda ya wallafa kimanin shekaru ɗari takwas da suka shige, kuma har yau ake karanta shi a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ya fifita muzakara da tattauna mas'aloli a kan maimaitawa kawai, amma ya gindaya sharaɗi, cewa a yi ta da insafi da natsuwa, da niyyar fito da gaskiya, ba don a kunyata abokin zama ba. Ya kuma yi wasiyya da zaɓen abokin karatu mai himma, a guji malalaci da mai yawan surutu. Ɗaliban sinadarai na yau, ko sun karanta shi ko ba su karanta ba, a kan sharuɗɗansa zamansu yake gyaruwa ko ya lalace.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. A aji da Turanci ake koyarwa, littafin Ababio da kusan kowane ɗalibi ya sani da Turanci yake, jarrabawa ma haka. Amma a gindin bishiya da Hausa ake jayayya, kuma da zarar magana ta koma Hausa sai misalai su fara zuwa daga gida. Yarinyar da ta kasa riƙe yadda sinadarin nuni yake sauya launi, idan ƙawarta ta tuna mata cewa jan zoɓo yakan yi duhu ya karkata zuwa kore in an jefa masa kanwa, ya kuma komo ja in an matsa lemon tsami, ta gama fahimtar babin, saura sunaye. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga an tsamo zane daga karofi yana kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi, ya riga ya ga aikin oksijin da idonsa tun kafin a rubuta masa shi a allo. Haka nan mai uwa ko kaka da ke dafa sabulun salo da ruwan toka da mai, shi ma ya riga ya ga aikin sinadarai a gida. Abin lura dai shi ne a rufe kowane bayani da maido shi cikin lafazin da za a rubuta ranar jarrabawa, domin mai duba takarda ba zai ba da maki a kan zoɓo ba.

Ba na cewa kowace halƙa alheri ce. Akwai wadda gwani ɗaya ya mamaye, yana warwarewa sauran suna kwafa, wannan kuwa bayan littafi ne aka ba shi baki. Akwai wadda ake yin ijma'i a kan kuskure saboda mai ƙarfin murya ne ya faɗa, maganinta shi ne duk mas'alar da aka saɓa a kanta a rubuta a kai wa Malam da safe. Mafi muni ita ce wadda zumuncinta ya bi yara har cikin zauren jarrabawa ya zama satar amsa. Wannan ha'inci ne, hukumomin nan kuma suna soke sakamako a kansa, wani lokaci har ya shafi makaranta ɗungurungum.

Inda muzakara take gajiyawa shi ne kashi na uku, aikin hannu. Ana iya haddace cewa sinadarin nuni na metil oranj rawaya ne a cikin soda, ya koma ruwan lemo a ɗigon ƙarshe, amma hannun da bai taɓa riƙe famfon buret ba zai zarce, idon da bai saba karanta ƙasan lanƙwasar ruwa a cikin bututu ba zai rubuta adadin da ba shi ne ba. Sanin haka yana cikin abin da ya sa Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, aka tanadar musu ɗakunan gwaje-gwaje da malamai na musamman. Makarantu da yawa, musamman na karkara, ba su da wannan gata, kuma ɗalibansu kan sadu da fifet da buret ne ana saura makonni kaɗan jarrabawa. Abin da halƙa take iyawa a nan taƙaitacce ne: su koya wa juna zana jadawalin awo, da rubuta kowane karatu da lamba biyu bayan ɗigo, da ɗaukar matsakaicin awon da suka yi kusa da juna a bar wanda ya yi nisa, sannan su haɗu su roƙi Malam ya buɗe musu ɗakin ranar Asabar, kowa ya ɗiga da hannunsa, sauran suna tsaye suna duba masa launi.